GANI YA KORI JI: Jagorar Baƙo A Birnin Ikko

Kowace safiya ta Allah, tun kafin a idar da sallar Asuba, motocin Arewa suna sauke mutane a Agege da Mile 12 da Ido. Wani ya rako shanu, wani ya biyo motar tumatir da albasa, wani sarin kaya ya kawo shi kasuwar Balogun, wani kuwa neman biza. Galibinsu da zarar sun sauka sai su nufi masaukin ɗan garinsu, su ci tuwon da suka saba, su sha shayi wurin mai jin yarensu, su gama abin da ya kawo su, su juya. In an tambaye su labarin Ikko a gida, abu uku suke faɗi: gosulo, da tsada, da 'yan iska. Duka ukun gaskiya ne, amma mutumin da ya ƙetare Kwara ya sha tafiyar kwana da yini, sa'an nan ya koma da wannan kaɗai, ya yi asarar rabin kuɗin motarsa.

Abin da ke hana baƙo fita daga zango tsoro ne, shi kuwa tsoron rashin sani ya haife shi. Abincin Ikko da kiɗanta da bukukuwanta da darenta kowanne yana da ƙa'idarsa. Wanda ya san ta zai sha kallo ya koma lafiya, wanda ya jahilce ta kuwa yana iya shan duka, ko tara, ko abin da ya fi haka muni. Filin wannan mako ya tattaro wa mai niyyar zuwa abin da ya kamata ya riƙe.

Da farko dai ya sani Bahaushe ba baƙon jiya ba ne a wannan birni. Tun a 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya kafa wata 'yar rundunar Hausawa a Ikko, wadda sojojin Nijeriya na yau suke lasafta asalinsu daga gare ta. Cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911, su suka raya zangon Agege. Har gobe akwai Sarkin Hausawa a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, kuma wanda ya shiga wata matsala can ya kamata ya fara kai kukansa. In ya ji ana kiransa "Aboki" ko "Malam" a kan titi kada ransa ya ɓaci tun bai ji abin da ya biyo baya ba. Wani da raini yake faɗi, wani kuwa iyakar Hausarsa ke nan.

ABIN KAI WA BAKA

Ɗakin cin abinci na talaka a ƙasar Yarbawa sunansa buka, kuma ko manyan ma'aikata da motocinsu can suke layi da tsakar rana. Sarkin abincin buka shi ne amala, watau tuwon garin busasshiyar doya, baƙi-baƙi, mai laushi, wanda ake kwasowa da zafinsa daga tukunya. Masana ba su cinsa da miya ɗaya. Sukan ce a haɗa musu abula: gbegiri, ita ce miyar wake, da ewedu, ita ce lalo, sa'an nan a malala jar miyar barkono da manja a kai. Wanda ya taso da miyar kuka da kuɓewa ba zai ga baƙon abu a yauƙin ewedu ba, ƙamshin da zai ji yana tashi kuwa na iru ne, watau daddawar kalwa.

Haka sauran abincin yake, sunaye ne kawai suka sauya. Iyan sakwara ce, eba teba ce, akara ƙosai, moin-moin alala, ogi koko, efo riro kuwa miyar alayyafo ce mai kauri. In mai abinci ta tambaye shi ko yana son dodo kada ya razana, soyayyar agada take nufi. Wadda aka gasa a kan garwashi a bakin titi, ana haɗa ta da gyaɗa, ita ce boli. Abinci biyu ne ya kamata ya nema musamman, domin da wuya ya same su yadda ya kamata a Arewa. Na farko ewa agoyin, wake ne da aka dafa har ya narke, aka zuba masa baƙin yaji da aka soya cikin manja da albasa, ana cinsa da burodin Agege mai danƙo. Mutanen da suka zo daga wajen Binin da Togo ne suka kawo shi. Na biyu shinkafar Ofada, 'yar gida ce mai ƙarfin ƙamshi, ana zuba ta cikin ganye da miyar ɗanyen barkono da ake kira ayamase.

To, ga ƙa'idodin. A buka ba a sayar da abinci kwano guda da kuɗi guda. Malmala da kuɗinta, kowane yankan nama da nasa, ganda da tumbi da kifi kowanne da nasa. Wanda ya yi ta nuni da yatsa bai tambaya ba, zai ji lissafin da zai sa amalar ta tsaya masa a maƙogwaro. Abu na biyu, yajin Yarbawa ba na wasa ba ne. Mai gyambon ciki ya ce a rage masa jar miya, kada ya yi ta maza. Abu na uku shi ne halascin nama. Yawancin shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege daga Arewa suke zuwa, kuma Musulmi suna da yawa ƙwarai cikin mahauta da masu buka, amma duk da haka tambaya ba laifi ba ce. Sunan alade a Yarbanci elede, saboda haka ba shi da wuyar ganewa. Naman daji, wanda suke kira eran igbe, shi ya fi bukatar hattara, musamman a gidajen farfesu, domin ba a san yadda aka kashe shi ba. Abin da zai gani fari kamar kunun gyaɗa cikin kwalba a irin waɗannan wurare kuwa bammi ne.

In kewar gida ta taso, Obalende tana nan kusa da Barikin Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har aka koma Abuja a 1991. Da magariba hayaƙin tsire da balangu yakan tashi, kuma mutanen Ikko, waɗanda suke kiransa suya, sun amince ba wanda ya iya shi kamar Bahaushe. Sai dai farashin tsinke ɗaya a Ikoyi ko Lekki zai sa mutumin Kano ya yi salati.

KIƊA DA WAƘA

Wanda ya kasa kunne ga kiɗan da ke tashi daga shaguna da motocin danfo zai ji abin da ya sani a ciki. Fuji, wanda ya fi kowane kiɗa farin jini wurin talakan Ikko, daga watan azumi ya fito. A da samari sukan zaga unguwanni da tsakar dare suna kiɗa da waƙa domin tashin Musulmi sahur, abin da ake kira were ko ajisari, kamar dai yadda ake yi a garuruwan Hausa. Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya yi aikin soja lokacin yaƙin basasa ya kuma rasu a 2010, shi ya ɗauko wannan ya mai da shi sana'ar duk shekara, Kollington Ayinla da Wasiu Ayinde suka ƙara faɗaɗa shi. Kafin su akwai sakara, wanda Yusuf Olatunji ya shahara da shi har rasuwarsa a 1978, abin kiɗansa kuwa goge ne, Yarbawa suna ce masa goje. Akwai apala na Haruna Ishola, wanda ya rasu a 1983. Akwai kuma na mata Musulmi, irin na Salawa Abeni, wanda sunansa ma waka. Gangar da ake matsewa a hammata tana magana, 'yar'uwar kalangu ce, kuma aikin makaɗin ɗaya ne da na maroƙin Hausa: ya wasa mutum, ya ambaci iyayensa da kakanninsa, har hannu ya shiga aljihu.

Wurin jin wannan kiɗa da ransa shi ne owambe, watau shagalin aure ko suna ko na tunawa da tsohon da ya rasu, galibi ranar Asabar. Dangi da abokai sukan yi anko, su suna ce masa aso ebi, kuma baƙon da abokin cinikinsa ya gayyace shi ya je da babbar rigarsa, za a karrama shi. Amma a nan akwai tarko. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta liƙi da takardun naira da tattaka su wurin rawa, hukuncinta ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun. Shekaru da yawa ba wanda ya kula da ita, sai ga shi a watan Afrilun 2024 wata babbar kotun tarayya a Ikko ta ɗaure wani sananne a kafafen sada zumunta wata shida ba zaɓin tara. Yau kowa yana riƙe da waya mai ɗaukar hoto. Mai son yi wa makaɗi alheri ya sa a ambulan ya miƙa masa hannu da hannu.

Ba a maganar kiɗan Ikko a tsallake Fela Anikulapo Kuti, wanda ya ƙirƙiro Afrobeat tare da makaɗin gangunansa Tony Allen, ya kuma mai da waƙa makamin caccakar masu mulki. A watan Fabrairun 1977, kwanaki kaɗan bayan an tashi daga bikin FESTAC, sojoji suka far wa gidansa da ya sa wa suna Kalakuta, suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Shi kansa ya rasu ran 2 ga Agusta 1997. Gidansa na ƙarshe a titin Gbemisola da ke Ikeja, inda kabarinsa yake, an mai da shi gidan tarihi a 2012, ana iya zuwa da rana tsaka a ga tufafinsa da takalmansa da kayan kiɗansa. 'Ya'yansa Femi da Yeni sun gina sabon gidan wasa, New Afrika Shrine, a Agidingbi ta Ikeja a 2000, kuma kowace shekara a makon 15 ga Oktoba, ranar haihuwarsa, ana bikin Felabration wanda aka fara a 1998. Har Shugaban Faransa Macron ya ziyarci wurin a 2018. Gaskiya dai ɗaya ce: kiɗan wurin ba na biyunsa, amma akwai barasa da hayaƙin tabar wiwi, kuma ba wurin kai iyali ba ne. Wanda yake son kiɗa ba tare da wannan ba ya nufi Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa ne da aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo a ciki, aka mai da shi dandalin shaƙatawa a 2010. Ko kuwa zauren MUSON da ke Onikan. Babban gidan wasan ƙasa na Iganmu, wanda aka gina domin FESTAC, an sauya masa suna zuwa na Wole Soyinka a 2024.

RANAR DA HULA TAKE JAWO DUKA

Babban bikin gargajiya na 'yan asalin tsibirin Ikko shi ne Eyo, ana kuma kiransa Adamu Orisa. Ba kowace shekara ake yinsa ba. Sai in za a karrama wani sarki ko babban mutum da ya rasu, ko wani muhimmin sha'ani, kamar yadda aka yi a watan Mayun 2017 lokacin cikar Jihar Legas shekara 50. Tarihi ya nuna an fara shi a tsibirin a 1854 domin Sarki Akitoye. Ranar Asabar ake yi. Dodanni ne sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙasa, fuska a rufe, da malafa mai faɗi, kowanne riƙe da doguwar sanda ta reshen kwakwar manja mai suna opambata. Launin malafa ke nuna ƙungiya: baƙi na Adimu, su ne manya, ja na Laba, rawaya na Oniko, kore na Ologede. Suna cika tituna daga Idumota zuwa fadar Oba a Iga Idunganran, su tattaru a dandalin Tafawa Ɓalewa.

Abin kallo ne ƙwarai, amma a nan ne baƙon Arewa ya fi shiga uku, domin abin da yake ɗauka cikar kamala shi ne laifi a ranar. An hana sa takalmi, an hana hula da ɗankwali, an hana lema, an hana shan taba, an hana hawa babur da keke a inda Eyo suke wucewa, kuma ba a ɗaukar hoton manyan dodanni irin su Adimu. Wanda ya taka ɗaya daga ciki sandar nan ce za ta sauka a bayansa, ba a tambayar daga ina ya zo. Saboda haka dattijon da ba zai iya tuɓe hularsa ba, da matar da ba za ta cire mayafinta ba, da wanda addininsa bai bar shi ya tsaya kallon dodanni ba, duk maganinsu ɗaya: su ƙaurace wa tsibirin a ranar. Ba abin da za su rasa na ciniki, domin kasuwanni a rufe suke, tituna kuma a toshe. Ana shelar ranar tun da wuri a rediyo da jaridu.

Akwai kuma bikin Fanti na zuriyar bayin da suka komo daga Barazil a ƙarni na 19, waɗanda ake kira Aguda, mazauna wajen dandalin Campos. Lokacin Ista sukan fito da kaya masu launi-launi da kaɗe-kaɗe, a gidajensu kuma ranar Juma'ar da ke gabanin Ista a dafa frejon, wake ne da madarar kwakwa. Wani maginin cikinsu ne ya tsara masallacin Shitta-Bey na titin Martins, wanda aka buɗe a 1894 har Sarkin Musulmin Turkiyya ya aiko da wakili. Wanda Juma'a ta riske shi a kasuwar Balogun kuwa, babban masallacin titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe a 1988, yana daf da shi.

Wanda Babbar Salla ta same shi a Kudu kada ya yi baƙin cikin rasa hawan sarki. A rana ta uku ta Salla, wadda Yarbawa ke kira Ileya, ana bikin Ojude Oba a Ijebu Ode ta Jihar Ogun, tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka in hanya ta yi kyau. Musulmin garin ne suka faro shi domin kai gaisuwa ga sarkinsu Awujale. Sa'o'in juna maza da mata suna zuwa ƙungiya-ƙungiya cikin anko na alfarma, gidajen Balogun, watau sarakunan yaƙi, suna biyowa a kan dawakai ana harba bindigogin gargajiya. Mutumin Katsina ko Zariya zai ga dawakin ba su kai nasu yawa ba, amma a wajen ado sai ya jinjina.

IN RANA TA FAƊI

Ikko ba ta barci, musamman a watan Disamba lokacin da 'yan Nijeriya mazauna Ingila da Amurka suke dawowa, manyan mawaƙa su yi ta wasa dare bayan dare, kuɗin otal ya ninka. Gidajen rawa na masu hannu da shuni suna Victoria Island da Lekki, na matsakaita suna Ikeja da Surulere. Amma ba wurin da za a je ne abin tunani ba, hanyar dawowa ce. Gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12, kuma wanda ya sauka a Agege ya je shaƙatawa Lekki, tamkar ya bar gari ne zuwa wani gari.

Kada baƙo ya shiga motar da ta tsaya masa a bakin titi da dare tana kiran saura mutum ɗaya. Wannan ita ce dabarar ɓarayin da ake kira "wan cans": fasinjojin da ke ciki duk nasu ne, sukan ƙwace waya, su tilasta wa mutum ya kwashe kuɗin asusunsa, su jefar da shi a hanya. Mota a tasha ake shiga, ko a kira ta Uber ko Bolt a duba lamba ta dace kafin a buɗe ƙofa. Tun ran 1 ga Yuni 2022 an hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da cikin tsibiri da yankin Ebute Meta da Yaba, kuma dokar tana kama mai tuƙi da wanda aka goya. Da rana akwai sauƙi: manyan motocin BRT suna da layinsu, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki tsakanin Marina da Mile 2 a 2023, wani kuma tun 2024 yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba zuwa Oyingbo. Da katin Cowry ake biya. Ya riƙa yawo da katin shaidarsa, ya raba kuɗinsa aljihu biyu, kuma mai masaukinsa ya san inda ya tafi.

Saura maganar teku. Dattawan da suka san Bar Beach a da kada su aika 'ya'yansu nemanta, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Yanzu sai Elegushi, inda ake biyan kuɗin shiga, ko Tarkwa Bay da ake zuwa cikin kwalekwale. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a kogin garinsu ya sani teku daban ce. Igiyar ruwan Atlantika takan janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ta ja shi ciki, kuma ta ci ƙwararru balle baƙo. Ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, kada ya shiga kwalekwale ba rigar ruwa, kada kuma ya yarda ya hau bayan magariba.

Guzuri na ƙarshe kalmomi huɗu ne: "E kaaro" da safe, "E kaale" da dare, "E jo" in ana roƙo, "E se" in ana godiya. Yarbawa mutane ne masu girmama gaisuwa da shekaru, kuma mai buka da aka ce mata "E kaaro, Mama" takan ƙara yanka ɗaya ba a tambaya ba. Sauran zance kuwa zai yi sauƙi, tun da alubosa da alafia da wahala duk suna cikin bakinsu. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su gida lafiya. Sai mako mai zuwa.